Fashin Baƙi: Me Ya Haɗa Kwalin Inabi da Malaman Kare Tsirrai a Bakin Iyaka?

Me ya sa inabin da za a saya a cinye cikin kwana biyu sai an nema masa takardar lafiya kafin ya ƙetaro iyaka? Tambayar nan tana tasowa a Damagaram duk lokacin da inabi ya yi tsada ko ya ɓace daga teburan masu kayan marmari, musamman gab da azumi, sa'ad da kowa ke neman ɗan abin da zai jiƙa maƙogwaro bayan shan ruwa. Amsar da ake ji a Kasuwar Dole da fada wurin shan shayi iri biyu ce. Wasu na cewa wata sabuwar hanyar tatsar ɗan kasuwa ce, ƙari a kan kuɗin duwan. Wasu kuma sun ɗauka shaida ce cewa inabin ba shi da guba, a ci hankali kwance. Duka biyun sun kauce. Ba don cikin mai ci aka yi takardar ba, don garka aka yi ta: mangwaro da gwaiba da lemun Mirya, tumatir da kabejin kwarin Korama, dabinon Gidimuni.

Abin da takardar take faɗa, da wanda ba ta faɗa

A ofis ana kiranta certificat phytosanitaire, wato shaidar lafiyar tsirrai. Ba kamfanin da ya sayar da kayan ke rubuta ta ba, ba kuma dillali ba. Hukumar kare tsirrai ta ƙasar da kayan suka fito ce kaɗai ke da ikon sa mata hannu da hatimi. A cikinta akwai sunan mai aikawa da na mai karɓa, yawan kwalaye, ƙasar da aka noma inabin, ƙofar da zai shigo, da irin maganin da aka yi masa idan an yi. Sai jimla guda wadda ita ce gundarin takardar: an duba waɗannan kaya, ba a gan su ɗauke da ƙwarin da ƙasar da za su shiga ta haramta ba, kuma sun cika sharuɗɗanta.

Ba kowane ƙwaro ake nufi ba. Ma'anar da ƙasashe suka amince da ita ta taƙaita ne ga ƙwaro ko cutar da za su iya jawo asarar amfanin gona, waɗanda kuma babu su a ƙasar, ko kuwa akwai su a wani ɗan yanki ana yaƙar su a hukumance. Ƙwaron da ya riga ya cika ko'ina a gonakinmu, ba mu da hujjar mayar da kayan wani saboda shi.

Ragowar maganin feshi a jikin ɗan itace kuwa wani babi ne daban, mai nasa ma'auni da nasa masu bincike. Iyakar abin da aka yarda a samu a jikin abinci tana fitowa ne daga hukumar Codex, wadda FAO, wato hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, sai kuma dokokin kowace ƙasa. Ga misalin da ke raba abubuwan biyu sarai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, ba don an tarar da ƙwari a cikinsa ba, sai don yawan sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin maganin nan da muke kira piya-piya, da aka zuba don kashe ƙwarin. Wake na iya tsallake awon ƙwari ya faɗi a awon guba. Inabi ma haka. Saboda haka duk wanda ya ɗaga maka takardar lafiyar tsirrai ya ce ba sai ka wanke ba, ko dai bai san abin da ke rubuce a ciki ba, ko kuwa ciniki yake so.

Inabi ne ya haifi dokar

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, duk wannan tsari na duba tsirrai a kan iyaka daga inabi ya samo asali. A shekarun 1860 aka fara ganin gonakin inabi suna bushewa a kudancin Faransa ba tare da an gane dalili ba. Da aka tona sai aka tarar da wani mitsitsin ƙwaro, filoksera, yana tsotsar saiwa. Daga Amurka ya zo, a jikin dashen inabin da masu sha'awar tsirrai suka ɗauko. Inabin Amurka ya saba da shi, yana jure masa. Na Turai bai taɓa haɗuwa da shi ba. Cikin ƴan shekaru goma-goma ya cinye babban kaso na gonakin Faransa, ya bazu zuwa maƙwabta, garuruwa suka talauce, mutane suka yi ƙaura. Mafitar da aka samu daga ƙarshe ita ce aure, irin wanda masu garkarmu ke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar na Amurka. Har yau a haka mafi yawan gonakin inabin duniya suke tsaye.

Wannan bala'i ne ya sa ƙasashen Turai suka zauna a birnin Bern, suka ƙulla yarjejeniyar 1881 a kan zirga-zirgar dashen inabi. Daga ita aka yi ta faɗaɗawa har aka kai ga Yarjejeniyar Kare Tsirrai ta Duniya, IPPC, wadda aka amince da ita a 1951 ƙarƙashin FAO, aka sabunta ta a 1997. Ƙasashe fiye da 180 ke cikinta, har da Nijar da Najeriya. Da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995 sai aka ƙara wani sharaɗi mai nauyi: ƙasa na da ikon kare tsirranta, amma sai da hujjar kimiyya, ba za ta fake da sunan ƙwaro don ta toshe kasuwar wani ba.

A nan gida, aikin yana hannun Babbar Hukumar Kare Tsirrai, DGPV, da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, kuma tana da ma'aikata a ƙofofin shiga ƙasa. A Najeriya takwararta ita ce NAQS. Tarayyar Afirka ma tana da majalisar da ke haɗa kan ƙasashe a kan batun, mai mazauni a Yawunde. Ficewar Nijar daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta taɓa wannan ba, domin yarjejeniyar ta duniya ce.

Me zai iya ɓuya a cikin kwali?

Mai tambaya zai ce: mu da ba mu da gonakin inabi, me za mu ji wa tsoro? Tambaya ce mai ma'ana, kuma rabin amsarta yana tare da shi. Ƙwarin da ba su cin komai sai inabi ba su da abin yi a Damagaram, kuma zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gamawa da baƙi da yawa tun kafin su zauna. Filoksera ma ba ta son ƙasa mai yashi.

Sauran rabin shi ne abin damuwa. Nonon inabi a cunkushe yake, yana da lunguna tsakanin ƴaƴa da sanda waɗanda ido ba ya kaiwa, kuma ba a wanke shi kafin a sa a kwali, domin ruwa na ruɓar da shi. Yadda aka yanko shi a gona haka yake tafiya. A waɗannan lunguna ake samun farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke tsotsar ruwan tsiro, da ƙananan ƙwari irin na ƙuma waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake ganin su, har ma da gizo-gizo. Yawancin waɗannan ba su da zaɓen abinci: in sun rasa inabi za su kama lemu, gwanda, kuɓewa ko tumatir.

Sai ƙudan ƴaƴan itace, wanda shi ne ya fi ba ƙasashe ciwon kai. Macen tana huda ɓawo ta saka ƙwai a ciki, ramin kuma bai kai tsinin allura ba. Daga waje ɗan itacen lafiya lau, a ciki tsutsa na ci. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta shige cikin turɓaya, ta fito a matsayin ƙuda. A yanayin zafi, duk wannan ba ya wuce ƴan makonni, kuma mace guda na iya saka ɗaruruwan ƙwai. Mai garkar mangwaro ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Nau'in da ya fi addabar mangwaro a Afirka ta Yamma yanzu, Bactrocera dorsalis, baƙo ne daga Asiya: a Kenya aka fara ganinsa a 2003, cikin shekara biyu ya iso yankinmu, kuma bai sake fita ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Tsutsar tumatir, Tuta absoluta, ƴar Kudancin Amurka ce. Ta shiga Sifaniya a 2006, ta ƙetara Arewacin Afirka, ta tsallako Sahara, a 2016 kuma ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Wanda ya sayi kayan miya a wannan shekarar bai manta ba. Ita wannan tsutsa a jikin tumatir da akwatuna da dashe take tafiya, wato a irin motocin da ke ɗauko mana kayan marmari. A farkon 2016 ɗin dai aka fara ganin tsutsar masara mai cin tsakiyar kara a Afirka ta Yamma, ita ma daga nahiyar Amurka. Babu ɗaya daga cikinsu da aka iya kora bayan ya shigo. Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin feshi kowace shekara daga aljihun manomi, da ƙarin guba a kan abincin da muke ci.

Ko katakon da ake jera kwalaye a kai yana da nasa hukunci. Ƙa'ida ta 15 ta IPPC ta ce sai an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi da magani, sannan a buga masa tambari, saboda ƙwarin da ke zama cikin itace.

Daga gonar can zuwa ƙofar nan

A bisa tsari, magana ba a bakin iyaka take farawa ba. Mai shigo da kaya yakan nemi izini tukuna daga hukumar kare tsirrai ta ƙasarsa, ya faɗi abin da zai kawo da inda zai ɗauko. Hukumar ta duba irin ƙwarin da ke wannan ƙasa, ta auna haɗarinsu ga namu amfanin gona, ta rubuta sharuɗɗa. Shi ya sa sharaɗin inabin Masar zai iya bambanta da na Indiya ko na Afirka ta Kudu. Da wannan izini mai sayarwa zai je wurin tasa hukumar, a duba kaya, a ba da shaida. Idan kaya suka iso, ma'aikacinmu zai gwada takarda da abin da ke cikin mota, ya buɗe wasu kwalaye ya duba. Hukunci ɗaya ne cikin huɗu: a saki, a yi magani sannan a saki, a mayar, ko a lalata. Ɗan duwan kuɗin fito yake nema; malamin kare tsirrai ƙwaro yake nema. Aiki biyu ne, ko da a rumfa ɗaya suke zaune.

Kasancewar inabi a kasuwa kusan duk shekara shi ma yana da nasaba da wannan, domin ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Na Afirka ta Kudu yana fitowa daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, na Indiya a farkon shekara, na Masar daga Mayu, na Maroko da Aljeriya kuwa lokacin da mu muke damina. Kowane lokaci da ƙasarsa, kowace ƙasa da ƙwarinta.

Sanyi, da ƴar takardar nan ta cikin kwali

Tunda ido ba ya ganin ƙwan da ke cikin ɗan itace, ƙasashe da yawa ba su tsayawa ga dubawa kawai. Sukan sharɗanta a kashe shi da sanyi. Ƙa'idar Amurka a kan ƙudan ƴaƴan itace na yankin Bahar Rum, alal misali, ita ce a riƙe kaya a digiri 1.11 ko ƙasa da haka har kwana 14, ko a digiri 2.22 har kwana 18. Yawanci a cikin kwantenar jirgin ruwa ake yin wannan, da na'urorin da aka soka cikin ƴaƴan suna rubuta sanyin a kai a kai. In sanyin ya yanke a tsakiya, lissafi ya ɓaci. Wata hanyar ita ce turare da iskar methyl bromide, wadda aka hana amfani da ita a noma saboda illarta ga sararin sama, aka bar ƙofa kawai ga irin wannan aiki na kan iyaka.

Akwai kuma wata takarda ko ƴar katifa da ake tararwa a saman inabi in an buɗe kwali, wadda wasu ke yaɗawa a WhatsApp cewa guba ce. Aikinta shi ne fitar da iskar farar wuta kaɗan-kaɗan don hana funfuna mai launin toka, babbar abokiyar gabar inabi a hanya. Ba ta da alaƙa da binciken ƙwari, dabarar ajiya ce. Ga yawancin mutane ba ta da illa, amma wasu masu asma ba su jituwa da wannan sinadari, don haka a jefar da ita inda yara ba za su ɗauka ba, a kuma wanke inabin da ruwa mai tsabta. Farin gari-garin da ke jikin ɓawo kuwa halitta ne, kakin da ɗan itacen ke yi wa kansa.

Inda tsarin yake yoyo

Duk abin da aka faɗa a sama an tsara shi ne da tunanin kwantena guda da ta taso daga gona zuwa tashar jirgin ruwa zuwa mai saye. Inabin da ke isowa teburin unguwar Zango ko Birni a Damagaram ba kasafai yake bin wannan miƙaƙƙiyar hanya ba. Nijar ba ta da teku. Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga nan, Kano kuwa ba ta kai 250 ba, ga shi kuma rufe iyakar Benin da aka yi a 2023 ya ƙara tsawaita hanyar kayan da ke zuwa ta ruwa. Saboda haka abu ne mai sauƙi ɗan kasuwa ya sayi kwali ashirin a Kano, ya haɗa da tuffa da lemu a mota ɗaya, ya biyo ta Matamaye ko Magarya. Takardar asali tana can wurin wanda ya sauke kwantenar a Legas. Ƙa'idar duniya ta tanadi mafita, wato shaidar sake fitarwa, wadda ƙasar da kayan suka yada zango ke bayarwa tare da kwafin ta asali. Amma wa zai bi ofis yana neman ta saboda kwali ashirin da ke narkewa a rana?

A ganina wannan ne ainihin matsalar, kuma ba da tsawa ake gyara ta ba. Gyaranta shi ne hukumomin ɓangarorin biyu su sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa hanyar samun shaida a kasuwar da yake saye.

Akwai yoyon da ya fi wannan haɗari, kuma ba ya ɗaukar hankali domin a jakar hannu yake shigowa. Tun da labarin noman inabi a Kudan ta jihar Kaduna ya bazu, ga kuma wanda aka daɗe ana yi a garaken Timiya cikin duwatsun Ayar, masu garka da dama sun fara sha'awar gwadawa. Sha'awa ce mai kyau. Sai dai reshen dashe ba kamar ɗan itace ba ne. Ɗan itace ana cinye shi. Dashe kuwa da gangan ake raya shi, a ba shi ruwa da taki, tare da duk cutar da ke cikin jijiyarsa da ƙwaron da ke manne a saiwarsa. Cututtukan inabi da yawa ba sa nunawa a busasshen reshe. Cutar Xylella, wadda ta kashe miliyoyin itatuwan zaitun a kudancin Italiya tun 2013, tana kama inabi da lemu, kuma a jikin dashe take ƙetara ƙasashe. Matafiyin da ya dawo daga Makka ko Aljeriya ko Libiya da reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma alheri yake nufi, amma ta wannan ƙofa filoksera ta shiga Faransa.

Kukan ɗan kasuwa, hujjar ma'aikaci

Ɗan kasuwa yana da gaskiyarsa. Inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi, lalacewa kawai yake yi. A kusa da digiri sifiri ake ajiye shi, kuma awa guda a cikin zafinmu tana cin abin da kwanaki a firiji ba su ci ba: sanda ta bushe, ƴaƴa su fara zuba, funfuna ta tashi. Motar da aka tsayar daga hantsi zuwa la'asar ana jiran mai sa hannu ta yi asarar da babu mai biya. Idan kuma aka karɓi kuɗi ba a buɗe kwali ko ɗaya ba, ba a ba da rasit ba, to wanda ya ce tatsa ce bai yi ƙarya ba. Ma'aikaci shi ma yana da tasa: iyaka mai tsawo, hanyoyin daji barkatai, kayan aiki kaɗan, ga kuma mai kaya da ke ɓoye rabin lodi ƙarƙashin buhuna. Ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce tunda aiwatarwa na da rauni, a watsar da dokar. Mu ma masu fitar da kaya ne. Albasar Galmi, wake, riɗi da aya duk da irin wannan takarda suke shiga kasuwannin da ke biya da kyau, kuma darajar hatiminmu a waje tana rataye ne da yadda aka san muna tsaron gidanmu. Sharuɗɗan ma ƙara tsanani suke yi: tun Disambar 2019 Tarayyar Turai ba ta karɓar ɗanyen ɗan itace ba tare da shaidar ba, ko a jakar fasinja ne, in ban da guda biyar: abarba, ayaba, kwakwa, dabino da duriyan. Abin da ya kamata a nema shi ne a liƙa kuɗin awo a bango kowa ya gani, a ba da rasit, a fara sallamar kayan da ke ruɓewa kafin na buhu, a kuma tanadi inuwa a wurin dubawa.

Abin da ke hannun mai tebur da mai garka

Ga mai saye, tasirin bai wuce ɗan ƙarin farashi ba, kuma kuɗin mota da sanyi da asarar hanya sun fi kuɗin takarda nauyi a cikin abin da yake biya. Mai tebur kuwa yana da rawar da bai san yana takawa ba. Ruɓaɓɓen inabi da mangwaro da lemun da ake tarawa da yamma a watsa a juji, ko a ba mai amalanke ya kai garka a matsayin taki, nan ne tsutsa ke samun ƙasar da za ta shige. Abin da malaman gona ke koya wa masu mangwaro ya dace da shi ma: a zuba ruɓaɓɓun a baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakin tam, a bar ta a rana kwanaki har zafi ya kashe abin da ke ciki, ko kuwa a binne su a rami mai zurfin aƙalla rabin mita. Kwalayen da aka kwashe kada a ɗauke su zuwa garka don zuba tumatir. Wanda kuma yake son dasa inabi, ya fara zuwa ofishin noma na jiha ya tambayi inda ake samun dashen da aka tantance, in kuma daga waje zai kawo, ya nemi izini tun kafin ya yi tafiyar.